Rumfar Da Na Yi Wa Faifan Rana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko da na so mantawa mutanen garinmu Ƙarfi ba za su bar ni ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin babu wutar lantarki a unguwarmu. Yayana da ke aiki a Kaduna ya aiko mini da wani baƙin faifai mai ƙyalli, wai yana shan rana ya zuba wuta a cikin batir. Abokina Sande, Ibo ne haifaffen Funtuwa mai shagon kayan wuta, shi ya zo ya haɗa mini shi da batirin mota, ya jingina shi a tsakar gida. Ya ce kada in taɓa komai.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Da surukina Alhaji Bature ya ce zai ɗauko hayar janareto daga Malumfashi saboda lasifikar suna, na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce kada Baba ya wahalar da kansa, rana ta ɗauke mana. (Sunansa zan sa wa yaron, ban gaya wa kowa ba. So nake a ji shi har bakin kasuwa.)

To, wata rana da azahar na ɗora hannu a kan faifan, na ji zafi kamar kaskon tuya. Mu dai a wurinmu duk abu mai daraja ba a barinsa a rana. Babur inuwa ake kai shi, rediyo a lulluɓe take, ko akuya sai an nema mata gindin bishiya. Nan take na kafa sanduna, na yi masa rumfar zana mai kyau, na ƙara da buhun auduga ta yamma. Batirin kuwa kullum yana ɗaki muna shan rediyo da shi, ina yabon kaina da iya tattali.

Ranar suna ƙofar gida ta cika. Liman ya karɓi abin magana, ya yi addu'a, murya na tashi raɗau. Yana cewa “Sunan yaro...” sai lasifika ta yi wani gurnani ta mutu. Na gaba kaɗai suka ji. Na baya suna ta tambayar wa aka ce, Alhaji ma da yake kunnensa ya yi nauyi sai da aka faɗa masa a kunne cewa sunansa aka sa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Sande ya bi waya ya shiga gida, dattawa biyu da surukina suna biye. Ya tsaya gaban rumfata, ya leƙa ƙarƙashinta ya ga faifan.

“Garba, wa ya yi wannan aikin?”

“Ni ne. Zafi yake yi.”

Sande ya zauna a kan turmi yana dariya har da hawaye. Alhaji bai yi dariya ba, ya dai shafa zanar, ya ce ai rumfar ta ɗauru, a bar wa awaki.

Yau yaron nan ya kusa yin jikoki ma, ni kuwa har yanzu Garba Mai Rumfa ake kirana. Tun daga ranar, in aka ce mini kada in taɓa abu, ko gobara yake yi sai na aika Funtuwa na tambayi Sande tukuna.