Kyaftin Ya Cika da Waƙata a Bakinsa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya kusa fin baƙin cikin yawa, ni Morishige Hatsue, tsohuwar mai shagon kofi a bakin tashar jiragen ruwa ta Onomichi da ke yammacin ƙasarmu, nake sanar da dangi da abokan arziki, da tsofaffin masu zaman kashe wando a shagona, rasuwar akwatin waƙarmu wanda kowa ya sani da suna Kyaftin. Ya cika ranar Talata da hantsi, a falon surukina da ke birnin Mito, bayan jinyar wata huɗu. Ya yi shekara arba'in da shida yana aiki, bai taɓa neman hutu ba. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Zan zo kan wannan, kuma zan kama suna.

Marigayin dogo ne, ya kai ni ƙirji, fuskarsa gilas, cikinsa faifai hamsin. Wanda ya san shi ya san maganarsa. Ka jefa masa sulen yen ɗari, ya ce ƙwaras. Ka danna harafi da lamba, ya ce zuuuu, hannunsa ya bi layi ya zaro faifan, ya kwantar da shi a hankali kamar mai shimfiɗe jariri. Sai ƙyas, ƙyas, ƙyas sau uku, sannan waƙa. Bai taɓa ba wa mutum abin da bai nema ba, bai taɓa katse mawaƙi don ya sako talla ba, bai kuma taɓa cewa ya san abin da ranka yake so fiye da kai ba, irin na wayoyin yanzu marasa kunya.

Amma babbar ɗabi'arsa ita ce haƙuri, don abin da aka ɗura masa a ciki ko kare ba zai ci ba. A cikinsa akwai waƙar nan da ta yi mako goma sha ɗaya tana lamba ɗaya a jerin waƙoƙin rediyo a 1981, wadda wata yarinya take rantsuwa da hanci cewa zuciyarta lemun tsami ce. Mako goma sha ɗaya, jama'a! Akwai samarin nan huɗu masu aski kamar an kifa musu kwano, waɗanda babu ɗaya a cikinsu da ya iya riƙe murya, sai tsalle da ɗaga gira. Akwai ƙaton nan mai kukan ƙanƙarar arewa da tsohuwarsa da ya baro a ƙauye, alhali kowa ya san a tsakiyar Tokyo aka haife shi, kuma tsohuwar tana nan garau tana yawo a mota. Akwai ta 1989 da aka yi don tallar sabulun wanke gashi, ƙasa duka ta haddace ta, har ana sa ta a bikin aure. Kyaftin ya rera kowace ɗaya sau dubbai, bai taɓa tofar da ita ba. Ni kuwa daga bayan kantar shago na tofar da su duka.

A shekarun baya-bayan nan wasu yara daga Tokyo suka fara zuwa shagon da wanduna masu faɗi, su sayi kofi ɗaya su zauna awa uku suna ɗaukar marigayin hoto. Wata ta dafe ƙirji ta ce min, “Wayyo Inna, kun more. Zamanin zinariya ke nan.” Na ce mata, “'Yar nan, ina wurin aka yi shi. Gwangwani ne.” Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faifan da ke B7 nawa ne. Ina da shekara goma sha tara wani kamfani ya ɗauke ni, ya sa min farar riga da sunan da ba nawa ba, na rera waƙa ɗaya tak, “Jirgin Ƙarfe Biyar”. Ba zan yi muku ƙarya ba, ita ma shirme ce: tsuntsun teku, hankici, da wani da ya tafi bai waiwayo ba. Ta shiga jerin waƙoƙin da rediyo ke karantawa duk Lahadi, ta tsaya a lamba talatin da takwas, mako ɗaya, a kakar 1978. Mako na biyu ko ƙurarta ba a gani ba.

Wannan makon ɗayan ma ba ƙoƙarina ba ne. A lokacin, gidan rediyo yana ƙirga katunan da masu sauraro ke aikowa ta gidan waya. Wani mai ɗaure igiya a jirgin fito, Tsunehiko, ya zauna ya rubuta kati ɗari uku. Yana canza hannu, yana sa sunayen gwaggonninsa, da na kakansa da ya daɗe a ƙasa, yana jefa su a akwatin wasiƙa na kowane tsibiri da jirginsu ya tsaya don kada hatimin ya zo iri ɗaya. Da kamfanin ya sallame ni na dawo gida da akwati ɗaya, shi ne ya ɗaure igiyar jirgin da ya sauke ni. Na aure shi. Shekarar da muka buɗe shago ya kawo Kyaftin, ya sa faifaina a B7, ya liƙe takardar sunan da gam don kada in cire.

Kullum da safe kafin mu ɗaga labule sai ya jefa sulensa, ga shi kuwa makullin akwatin yana aljihunsa. Ƙwaras. Zuuuu. Ni kuma in ƙwala daga kicin, “Kashe min wannan shirmen!” Shi kuma ya ce, “Lamba talatin da takwas a faɗin ƙasa. Ki yi magana da ladabi.” Shekara arba'in muna wannan. Ni dai tun ranar da na sauka daga jirgin nan na yi rantsuwa bakina ba zai sake rera ko baiti ɗaya ba, kuma na riƙe.

Shekara uku ke nan da Tsunehiko ya fara mantuwa. Da farko makullai, sai hanyar gida, sai ni. Yanzu “baiwar Allah” yake ce min. In na miƙa masa shayi ya sunkuyar da kai ya gode kamar baƙo. Amma da na jefa sule na danna B7, ƙyas na uku bai gama ba sai ya juyo, idonsa ya dawo, ya ce, “Hatsue, kin ji ki kuwa?” Minti uku da daƙiƙa goma, da ɗan abin da ya biyo baya kafin hazon ya sake rufe shi. Iyakar mijin da ya rage min ke nan a yini, kuma Kyaftin ne yake kawo min shi. Duk wanda ke shirin cewa “ai inji ne kawai” ya haɗiye maganarsa.

Yanzu ga jinyar. Da ƙafafuna suka fara gazawa, 'yata Yoshino ta ce mu rufe shago mu dawo wurinsu a Mito, can gabashin ƙasar. Mijinta Motoharu, ma'aikacin kwamfuta ne, mai ilimi har ya yi masa yawa, shi ya yi hayar mota ya kwaso mu. Ko kakar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wutar lantarkin yamma da ta gabas ba gudunsu ɗaya ba ne a ƙasar nan. A zamaninmu in mutum zai yi ƙaura ya tsallaka, har agogon bango da injin wanki sai an kai wa mai gyara. Na faɗa masa a bakin mota. Ya yi murmushin nan na masu digiri ya ce, “Mama, ai wannan zancen da ne. Kayan yanzu ba ruwansu.” Kayan yanzu! Kyaftin ya girme shi da shekara biyu.

Aka jona. Ƙwaras ɗin yana nan, amma zuuuu ta zama zoooo. Wutar gabas ta fi sanyin gudu, sai faifai ya riƙa juyawa kamar mai ciwon baya. Yarinyar lemun tsami ta koma wani gardi mai mura. Na yarda, wannan ya yi min daɗi. Sannan na danna B7. Tsunehiko ya karkata kai ya saurara har ƙarshe, ya dube ni da ladabi ya ce, “Baiwar Allah, wane ne wannan mutumin?”

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Ina zaune a gidan suruki, ya ba da rabin falonsa, ya ɗauki akwatin nan da bayansa har ya kwana biyu yana ɗingishi, sai in ce masa ya yi ba daidai ba? Na yi kara. Yoshino ta ji, ta san muryar uwarta, amma ba ta son ta kunyata mijinta a gabana, ita ma ta yi kara. Shi kuwa gogan, da bai taɓa jin waƙar a Onomichi da kunnen basira ba, ya tsaya ya haɗa hannu ya ce, “Mama, ashe murya mai kauri gare ki a da. Akwai natsuwa a ciki.” Na ce, “Na gode.” Ni, da bakina, na ce na gode.

Wata huɗu muna sunkuya wa juna kai a kan mara lafiya. Kullum da safe ina danna B7 ko za a dace, kullum maigidana yana tambaya wane ne wannan mutumin. Jikin Kyaftin ya riƙa zafi har kyanwar gidan ta mayar da kansa gado. Ya fara wari, Yoshino ta sayo furanni ta ajiye a gefensa. Ranar Talata, a tsakiyar baiti na biyu, daidai inda tsuntsun teku ke shigowa, ya ce gurrr, ya ce ƙyat, hayaƙi ya fito ta bayansa. Kafin a samu a buɗe shi, faifaina ya yi laushi a kan farantin, ya lanƙwashe kamar kasko.

Mai gyaran da aka kira, wani dattijo Uehara, ya leƙa ciki ya fito da wani ɗan ƙarfe da bai fi kan babban yatsa ba. Ya ce da an canza wannan tun ranar farko, da marigayin ya binne mu duka. Sannan ya cire tabarau ya ce, “Wai wa ya jona wannan da wutar gabas?” Motoharu ya durƙusa har goshinsa ya taɓa tabarma. Ihu bayan hari. Ya yi kwana biyu yana tona wayarsa zai nemo min waƙar. Lemun tsami tana nan. Masu askin kwano suna nan, har da hotunansu. Sabulun gashi tana nan iri uku. Lamba talatin da takwas ta mako ɗaya babu wanda ya ga ya dace ya ajiye ta, kamfanin kuma ya daɗe da rufewa. Na so in ɗora masa laifin duka, kuma na ɗora masa kaso mai tsoka, amma tsakani da gaskiya kara ce ta kashe Kyaftin, kuma ni ce babbar mai ita.

Marigayin ya bar faifai arba'in da tara, dukkansu lafiya lau, ko ƙwarzane babu, don dama marasa amfani ba sa mutuwa da wuri. Ya bar kyanwa ɗaya da ta rasa wurin kwana. Ya bar suruki mai nadama, da 'ya mai furanni. Ya bar sule ɗaya da aka ciro daga maƙogwaronsa. Ya bar wani tsoho da ke zama kullum da safe yana fuskantar kusurwar da babu kowa, da tsohuwar da ke kawo masa shayi.

Ranar Alhamis na karya rantsuwata. Na ajiye masa kofi, na tsaya a kusurwar, na rera. Shekara sittin da shida da hayaƙin shagon kofi sun yi wa muryata abin da wutar gabas ta yi wa Kyaftin. Ya saurara, fuskarsa a ɗaure, har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, “Baiwar Allah, kin ɓata ta. Wannan waƙar matata ce, Hatsue. Ta fi ki iyawa nesa ba kusa ba.” Na ce, “Haka ne, ta fi ni.” Ya ɗaga yatsa ya ce, “Lamba talatin da takwas a faɗin ƙasa.” Wata huɗu rabon da in ji sunana a bakinsa. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka har shinkafa ta kama.

Za a mayar da marigayin yammacin ƙasar, inda wuta ta san shi. Jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe biyu na rana, lokacin da rediyo ke karanta jerin waƙoƙi a da, a ƙaramin haikalin da ke bayan kasuwar kifi ta Onomichi. Malamin haikalin, wanda ya saba yi wa tsofaffin allurai da almakasai da 'yar tsana addu'ar sallama, ya amince zai karɓe shi. Motoharu ne zai ɗauki gaba, wajen da ya fi nauyi. A zo da baƙaƙen kaya, a bar waya a aljihu. Yaran Tokyo masu faɗin wando su tsaya a waje, bayan an tashi za a raba musu faifai arba'in da taran nan, su je can su ƙarata da zinariyarsu. Akwai shayi da wainar wake, amma duk wanda ya ce min “kin yi ƙoƙari” ba zai sha ba.

Bayan an kunna turare zan tashi in rera B7, minti uku da daƙiƙa goma, da wannan muryar da ta rage min. An ware wa Tsunehiko kujerar gaba. Idan ya ɗaga murya a tsakiyar haikali ya ce na ɓata waƙar matarsa, kada wanda ya taɓa kafaɗarsa, kada wanda ya ce masa ya yi shiru, kada kuma wanda ya yi mana kara. Ku bar shi ya faɗi sunanta.