Ranar da Rifkatu Ta Koya Mini Tsaga Citta

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta farko da na yi a makarantarmu, wata 'yar makarantar coci da ke hanyar Kwoi. Aka ba ni ajin yara takwas masu jinkirin fahimta. Na zo da sabuwar takardar shaida daga kwaleji, kaina ya kumbura, ina ganin duk Kudancin Kaduna ni ake jira.

A ajin akwai Rifkatu, 'yar shekara goma sha biyar. Zango guda ina fama da ita a kan harafin farko na sunanta, ita kuwa sai kallon taga. Ana saura kwana uku taron, mamanta ta tare ni a ƙofa, da irin Hausar yankin da ba ta raba mace da namiji.

"Malama, wannan yarinya karatu bai shiga kansa ba. Bayan taro zan cire shi, ya zauna a gida."

Abin ya tsaya mini a rai, don na san in ta koma gida ta koma ke nan. Sai na yanke shawarar burge iyaye da darasin sana'a: yadda ake tsaga citta a shanya. (Ni fa a cikin garin Kafanchan na tashi, babana ma'aikacin reluwe ne. Citta a cikin kunu kawai na santa.)

Ranar ta zo, iyaye suka cika benci, kusan dukansu manoman citta. Na ɗaura atamfata ta zuwa coci, na ɗauki wuƙa, na ɗaga murya: "Yara, ku kalli Malama da kyau!" Na shiga yanka cittar gunduwa-gunduwa, kamar mai shirin soya doya. Ashe a tsaye ake tsaga ta gida biyu, ta buɗe, rana ta ratsa ta. Iyaye suka kalli juna. Wani dattijo ya cire hula ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi, har da ƙara sauri.

Sai Rifkatu ta miƙe, ta tako gaba, ta zare wuƙar daga hannuna (wuƙar da na hana kowa taɓawa).

"Malama, ba haka ba ne. Duba nan."

Ta tsaga ɗaya, ta tsaga biyu, ta jera su cikinsu na kallon sama. Ta mayar mini da wuƙar, ta kama hannuna, ta ce da irin muryar da nake yi musu a aji: "A hankali. Kar ka ji tsoro. Sake gwadawa." Na tsaga wata a karkace, gumi na bin bayana. Ta ɗaga ta duba, ta juya ga 'yan ajin.

"Malama ya yi ƙoƙari. Ku tafa masa!"

Yara bakwai suka tafa mini tafin nan uku-uku da na koya musu, iyaye suka kama, dattijon nan har da hawaye. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ba sallama.

Da aka tashi na ɓuya bayan allo, amma Maman Rifkatu ta gano ni.

"Tun da na haife shi ban taɓa ji ya yi magana a gaban mutane ba," ta ce, tana share ido da bakin zani. "Ashe duk abin da kake faɗa yana ji. Bari ya zauna."

Na yi kuka ranar, rabi na murna rabi na kunya. Yanzu duk yaron da aka kawo mini, kafin in ɗauki alli sai na tambaya me ya iya a gida, don in san inda zan fara, in kuma san abin da ba zan kuskura in koyar a gabansa ba.