Silifas Ɗaya a Ofishin Rajista

"Wai silifas ɗin nan na waye?"

Matar da ke goge ƙasa ce ta yi tambayar, a ofishin rajistar haihuwa na birnin Salgueiro. Ba ni ta tambaya ba, maigadi ta tambaya. Amma ni na san mai shi, sai na sunkuyar da kai na shiga gyara wa jaririyata hula.

Wani mutum ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Abin da zan iya cewa kawai, ni nake wanke masa riguna, kuma jaririyar da ke hannuna hancinsa ta ɗauko.

Mutumin nan ya taso daga ƙauyenmu a motar farko, ranar Juma'a, zai yi wa 'yarsa rajista. Fadan cocinmu ya sa baftisma ranar Lahadi, ya kuma ce in babu takarda babu ruwa. Suna kuwa tun kafin a haife ta mutumin ya haɗa abinsa, yadda ake yi a wajenmu. Ya yanko kan sunan mahaifinsa Valdir, ya liƙa wa na mahaifiyarsa Creuza. Sai ya tuna Gislane, matar da ta ba mu akuya ranar aurenmu, ya ce ai ba za a bar ta a baya ba. Suna ya fito Valdicreuzilane. Ranar da ya fara faɗa mini na ɗauka ƙwarewa ya yi, har na miƙa masa ruwa.

Ni Iraci nake so, sunan kakata da ta raine ni. Sau ɗaya na faɗa, a hankali, ina kallon tukunya. Ya ce wannan ai suna ne da ke ƙarewa kafin mutum ya gama buɗe baki. In ina ba ta nono nakan gwada kiran sunan da ya haɗa, kafin in kai ƙarshe ta yi barci. Sai in tuna ranar da za ta shiga makaranta, yara su ji.

Akwai wani abu kuma. Mutumin nan ya taɓa son caca, irin ta dabbobi. Ya yi mafarkin kada, ya tafi ya buga lambar kada. Ya yi mafarkin jimina, ya buga ta jimina. Akuyar Gislane ma can ta tafi. Mahaifiyata ta tsayar da shi gaban hoton Maryamu a falonta, ya ɗora hannu ya rantse. Ta ce ranar da ta ji ya sake taɓa takarda mai lamba, za ta zo da amalanke ta kwashe ni da gadona da tukwanena. Tun daga nan ko kalanda ba ya yarda ya daɗe yana kallo.

To, mu ne muka fara isowa. A asibitin ƙauyenmu ba a tsayuwar layi. Silifas kake ajiyewa a bayan na wanda ya riga ka, ka koma gindin mangwaro ka zauna. Silifas ba ya gajiya, ba ya faɗa da kowa. Saboda haka ana buɗe ƙofa mutumin ya cire na hagu, ya kai shi gaban taga ta ɗaya, ya daidaita shi, ya dawo ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Yau za ki ga yadda ake shiga birni," in ji shi. "Mu ne na farko."

Mutane suka fara shigowa. Babu wanda ya cire takalmi. Kowa sai ya nufi wani inji da ke bakin ƙofa, mai fuskar gilashi, ya taɓa shi da yatsa, injin ya tofo masa 'yar takarda. Sai ya zauna ya ƙura wa talabijin ɗin bango ido. Talabijin ɗin kuwa ba ƙwallo, ba wasan kwaikwayo. Sai dai ya yi tilin-tilin, muryar wata mata ta kira lamba. Wani ya zabura yana murmushi, yana ɗaga takardarsa, ya nufi taga. Sauran su duba tasu su ja tsaki.

Mutumin ya kalla, ya kalla. Na ga fuskarsa ta canja. Ya matso kusa da kunnena.

"Kin gani ko? Caca ce. A cikin ofishin gwamnati."

Ya ce kada in kalla, kada in taɓa, mu masu tsoron Allah silifas ɗinmu yana can yana yi mana aiki. Ya ja hular kabarsa ya rufe fuska.

Rana ta ɗaga. Jaririya ta sha nono, ta yi barci, ta farka. Muka ci dambun masarar da na ƙullo. Mutane suna tsallake silifas ɗin suna wucewa. Wani mai tumbi ma a kansa ya tsaya har ya gama abin da ya kawo shi. Wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce sunanta Dona Quitéria, ta gutsuro mini mazarƙwaila. Ta dubi ƙafar mutumin, ta dubi gaban taga, ta dube ni. Sai kafaɗunta suka shiga rawa don dariya.

A nan ne mai goge ƙasa ta yi tambayarta. Maigadin, Seu Anacleto, ya ɗago silifas ɗin a kan sandarsa kamar mataccen ɓera. Mutumin ya miƙe da ɗingishi.

"Nawa ne. Kuma shi ne na farko."

"To, ɗan'uwa, me ya zo yi? Haihuwa aka yi masa?"

Ofis ya ɗauki dariya. Seu Anacleto ya yi masa bayani, ya ce nan wanda bai ja takarda a inji ba, ko wando ya ajiye a gaban taga ba za a kira shi ba. Mutumin ya ce shi ya rantse ya bar caca. Maigadi ya ce ba caca ba ce. Mutumin ya tambaya ko akwai lamba a takardar, aka ce akwai. Ko mutum ya san lokacin da tasa za ta fito, aka ce bai sani ba. Ko wani yana samu wasu suna kallo, aka ce haka ne.

"To me ya rage?"

Seu Anacleto ya share goshi. Ya ce shi ba fada ba ne, ba zai yi gardamar zunubi ba. Abin da ya sani, ranar Juma'a da tsakar rana ake rufewa, sai kuma Litinin.

Mutumin ya dubi agogon bango, ya dubi jaririya. Ya karɓi silifas ɗin ya ajiye a ƙasa, ya yi alamar gicciye, na ji yana roƙon Maryamu ta ɗan kau da kai, yanzu zai gama.

A fuskar injin akwai hotuna: mutum a tsaye, tsoho da sanda, mace mai ciki, mace riƙe da jariri. Da ya ga haka sai tsohon hali ya motsa. Ya ce duk wanda ya buga lamba ɗaya bai shirya ci ba. Ya danna na farko, ya danna na biyu, ya bi su duka, ya dawo ya sake bi. Inji yana tofowa yana cafewa. Ya cika hannu, ya cika aljihu, ya sa wasu a baki. Can injin ya yi wani gurnani ya yi shiru. Takarda ta ƙare. Waɗanda ke bayansa suka hau shi da zagi, ya ce musu haƙuri za su yi, kowa da rabonsa. Cikin hayaniyar mai goge ƙasa ta kwashe silifas ɗin da shararta ta fita.

Takarda ɗaya ta faɗo daga hannunsa. Dona Quitéria ta take ta da ƙafa, ta jawo, ta duba, ta cusa mini a tafin hannu.

"Ta masu jarirai ce. Riƙe, 'yata, kada ki ce komai."

Ni da ma ban iya cewa komai ba.

Tilin-tilin. Mutumin ya duba hannunsa, ya daka tsalle.

"Na ci!"

Ya manta da Maryamu, ya ruga taga ta biyu. Budurwar da ke wurin ta karɓa ta duba, ta ce wannan ta tsofaffi ce, shekarunsa nawa. Ya ce tun safe yake zaune, a jikinsa yana jin ya haura saba'in. Ta ce ya dawo in haƙora sun zube. Bai gama ba ta amsa ba aka sake tilin-tilin. Tasa ce. Ya ruga taga ta uku, ƙafa ɗaya tana ƙara, ɗaya shiru. Mai tabaraun da ke wurin ya dubi takarda, ya leƙo ya dubi cikinsa.

"Ta masu ciki ce. Wata nawa?"

Ya ce dambu ne. Ya ce amma ci ai ci ne, tunda lamba ta fito a biya shi, ba ruwan kowa da cikinsa. Daga nan abu ya rikice. Duk tagar da ta kira, shi ne. Ofis kaf ya tsaya, ma'aikata suna kira, mutum ɗaya yana zarya. Wani ya ce a ɗaure shi a kujera. Wata ta ce a bar shi, ta daɗe ba ta ga wasa kyauta ba.

Sai Dona Quitéria ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce in tashi, tawa ce, taga ta ƙarshe. Na ce mijina ne mai magana.

"Mijinki yana kan naƙuda. Tashi."

Na tashi na nufi tagar. Matar da ke tagar ta karɓi takardar asibiti da ta aurenmu, ta shiga dannawa ba ta ko ɗago ba. Ta ce sunan yarinya. Na waiwaya. Yana can ya koma taga ta uku yana ɗaga riga. Na ce, "Valdi..." ƙasa-ƙasa. Matar ta ce in ɗaga murya, an kusa rufewa. Jaririyar ta buɗe ido ta kalle ni, irin kallon da kakata take yi mini in na tsaya nuƙu-nuƙu a bakin ƙofa.

Na ce, "Iraci."

Kafin in rufe baki ta gama rubutawa. Ta buga hatimi.

Ina dawowa yana dawowa, da ragowar takardu a hannu. Ya ga tawa babba mai hatimi, ya karɓa. Ya ɗora yatsa yana bin sunan. Suna ya ƙare, yatsa bai sani ba, ya ci gaba da tafiya cikin farar takarda.

"Ina sauran?"

Dona Quitéria ta gutsuri mazarƙwailarta, ta tauna, ta haɗiye, sannan ta ce, "Ɗana, ba a gaya maka ba? Wanda ya ja takarda ɗaya, shi ke faɗin suna. Wanda ya ja da yawa, inji ne ke zaɓa masa. Abin da ya fito ke nan."

Ya juya wajen maigadi. Seu Anacleto yana durƙushe yana cusa wa inji sabuwar takarda, rigarsa sharkaf. Bai ko waiwayo ba.

"Ka gode wa Allah. Jiya wani ya yi irin taka, ɗansa namiji ya fito Aparecida, sunan mata."

Mutumin ya zauna a hankali. Ya ce ya ci tsofaffi, ya ci masu ciki, sai a suna ya faɗi. Ya ce caca da ma haka take, ta ba ka abin da ba ka so, ta ɗauke wanda ka zo nema.

Silifas bai samu ba. Leda ya ɗaura a ƙafa muka shiga mota. Muna fita gari sai ya zaro takarda daga aljihu ya jefa ta taga, ya zaro ya jefa. Da suka ƙare ya leƙa fuskar jaririya ya kira sunan, ciki-ciki, kamar mai ɗanɗana miya. Ta yi hamma. Ya ce ba laifi, ba ya cin numfashi.

Sannan ya dubi gaba, ya dubi baya, ya rage murya.

"Ji nan. Na buga sunan 'yata a caca na faɗi. In mahaifiyarki ta ji, amalanke ne. In an tambaya, ki ce ni na zaɓa don in faranta miki. Ki yi mini alkawari ba wanda zai ji gaskiyar yadda sunan nan ya hau takarda."

Na gyara wa Iraci hula.

"Maigida, ko fada ba zai ji daga bakina ba."