Baƙon Ƙarya Ya Fi Na Gaske Daraja

Jiya na raka maƙwabcina Soufiane duba gidan haya, na dawo cikina cike da biskit, raina a ɓace. Direban bas ne, a nan Beljiyam aka haife shi duk da iyayensa baƙi ne, kuma ƙarshen wata za a rushe gidan da yake ciki da matarsa da 'ya'ya uku.

Da can masu gida ba sa ɓoye-ɓoye, a jikin talla suke rubuta "ban da baƙi", kowa ya huta da yawo. Sai Masu Girma Iyayen Adalci na hukumar hana wariya, Allah ya ƙara musu kujeru masu laushi, suka haramta hakan. Har da dabara: suna tura ma'aikatansu da sunayen baƙi su yi kamar masu neman haya, wanda ya kore su a ci shi tara.

To yanzu duk mai suna irin na Soufiane ɗan leƙen asiri ne a idon masu gida. Mai gidan, Madam Godelieve, tun daga ƙofa take washe baki. Ta kawo kofi da biskit, ta furta sunansa daidai, abin da malaman makarantarsa ba su taɓa iyawa ba.

"Yallaɓai, ni kowa nawa ne," in ji ta. "Likitan haƙorina ma irinku ne. In ka koma ofis ka faɗa musu."

"Wane ofis kuma, Madam? Bas nake tuƙawa."

Ta kashe masa ido. "Na sani, na sani, kun iya aikinku! Gida naka ne, ga makulli ma."

Na taka masa ƙafa don kada ya tona kansa, amma ina! Murna ta ɗebe shi, ya buga wa matarsa waya, ta cikin wayar yara suka cika ɗakin da ihun "Baba, da baho?"

A hankali Madam ta janye farantin biskit.

"Au, wai da gaske kake? Kash! Yanzu na tuna, jikar ƙanwata ta riga ku."

Wallahi kunya ta hana ni kallon idonsa.

Da yamma wani Mai Girma ya fito a talabijin yana shelar an ci ƙarfin wariya, tunda duk wanda suka tura an karɓe shi hannu bibbiyu. Gaskiyarsa ce, ni shaida ne.

Soufiane ya ce, "Maƙwabci, in kai musu ƙara?"

Na ce, "Je ka, mutumina, amma ba ƙara ba. Roƙe su su ɗauke ka aikin baƙon ƙarya, ko yaran nan sa samu wurin kwana."