Sai Marubucin da Kare Bai Taɓa Cizo Ba

A wani daji da ke bayan duwatsu, dabbobi sun daɗe suna fama da masifa guda: karnukan mafarauta. Da zarar damina ta ɗauke, aka ƙone ciyawa, sai a ji ƙaho daga gabas, sai haushi, sai kuma zaman makoki a gidajen gada da zomaye.

Majalisar dajin ta zauna a gindin tsamiya, ta yi dogon nazari, ta gano cewa ba haƙorin kare ke kashe dabbobi ba, jahilci ne. Saboda haka aka yanke shawarar buɗe makarantar sanin halin kare, aka kuma sa ranar zaɓen littafin da za a karantar. Raƙumin Dawa ne shugaba, domin ya fi kowa hangen nesa. Abin da ke kusa da ƙafarsa ne dai bai cika gani ba.

Cikin waɗanda suka zo sauraro akwai wata gada mai suna Kande. 'Ya'yanta na fari duk karnuka ne suka yi gaba da su, saura 'yar auta, Tambai, wadda ba ta taɓa ganin rani ba. Kande ba ta zo jin balaga ba. So take a gaya mata abin da za a koya wa 'yarta, ta ga damina mai zuwa da ranta.

Kafin a buɗe littafi ko ɗaya, Dila, malamin daji, ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ilimi amana ne, ba a ɗauko shi daga bakin mai fushi. Wanda kare ya taɓa cizo, ko ya kora, in ya ɗauki alƙalami ba shi ke rubutu ba, tabonsa ne. Za mu cusa wa yaranmu ƙiyayya ne, ko kuwa sani? Ina ba da shawara kada a karɓi littafin kowa sai an duba jikinsa an ga babu tabo. Marar tabo shi ne marar son zuciya."

Kowa a wurin ya san Dila da kare kakansu ɗaya, amma aka bar kaza cikin gashinta. Raƙumin Dawa ya gyaɗa kai daga can sama, sharaɗi ya zama doka.

Na farko da ya gabato wani tsohon zomo ne, Jatau, mai kunne ɗaya da rabi. Littafinsa ɗan siriri ne, an rubuta a ɓawon itace, sunansa Abin da Na Gani Ina Gudu.

Ya ce, "Ba shi da yawa. Kare mai haushi 'yan'uwansa yake kira, wanda ya yi shiru shi ne a bayanka. Kada ka miƙe gudu, ka riƙa karkacewa. In ka ga ƙaya, shige ta, kare yana son fatarsa. In kuwa ka ga..."

"Malam Jatau," in ji Dila a hankali, "ina sauran kunnenka?"

"Yana cikin kare. Can na yi binciken."

Aka yi dariya, aka yi masa godiya, aka mayar masa da littafinsa.

Ungulu ta kawo nata mai suna Karamcin Kare, inda ta nuna cewa duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin kare ya ci abu bai rage wa na baya ba. Aka duba jikinta, babu tabo sai sanƙo, aka karɓe shi a matsayin ƙarin karatu.

Sannan aka shigo da littafin Malam Kunkuru. Sai da gada biyu suka yi dakonsa. Tun ba a buɗe ba majalisa ta fara kabbara, domin a dajin nan da nauyi ake gane ilimi.

Kunkuru ya ce, "Jama'a, ni ba labari aka ba ni ba. Na zauna da kare fuska da fuska sau ba adadi. Ya shinshina ni, ya lashe ni, ya mirgina ni, ya gaji ya tafi. Ku duba ni, ko ƙwarzane babu. Kare halitta ce mai son sani, gudun da kuke yi ne ke ɓata masa rai. Hanyata matakai uku ce: ka tsaya cak, ka janye kanka ciki, ka yi haƙuri. Sauran shafukan sharhi ne."

Kande ta ɗaga kai cikin ladabi. "Gafarta Malam, ina da tambaya. Wanda Allah bai yi wa ƙoƙon baya ba fa, cikin me zai janye kan nasa?"

"Tambaya mai kyau, baiwar Allah. An yi bayaninta a juzu'i na biyu."

"Yana ina, Malam?"

"Ina kan rubuta shi."

"Ga shi kuma an fara ƙona ciyawa."

"Gaggawa," in ji Kunkuru, "ita ce matsalarku ku masu dogayen ƙafafu."

Aka tafa. Aka zaɓi littafin ba hamayya.

Makaranta ta buɗe, Tambai kuwa ta fito da kaifin ƙwaƙwalwa. Ta haddace matakan uku da sharhinsu, ta iya tsayuwa cak har ƙuda ya sauka a idonta ba ta ƙifta ba. Malam Kunkuru yakan nuna ta ga baƙi.

Hankalin Kande dai bai kwanta ba. Ta je ta sami Jatau a bakin raminsa, ta tarar yana cika yana batsewa.

Ya ce, "Ni ban ga laifin kare ba, sana'arsa yake yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ki je ki tambayi masu santsin fata."

"Haba Baba Jatau, ita kaɗai ta rage mini."

Tsohon ya sosa guntun kunnensa, sannan ya karanta mata littafin tun daga farko har ƙarshe. Bai ɗauki lokacin da akuya ke tauna ganye ɗaya ba.

Da ta koma gida ta maimaita wa 'yarta, sai Tambai ta dube ta da tausayi irin na masu ilimi.

"Inna, wannan ai ba ya cikin manhaja. Kuma mai maganar yana da tabo."

"Ni ma ina da shi, 'yar nan. Nawa a ciki yake, shi ya sa Dila bai gani ba."

"To kin ga ke ma bai kamata ki sa baki ba."

Ranar da ƙaho ya tashi, da hantsi ne. Manyan majalisa, da yake aiki ya yi musu yawa, suka koma bayan duwatsu don su duba lamarin da idon basira. Ɗalibai kuwa suka fito fili, kan toka, suka yi sahu, suka tsaya cak, kowa ya noƙe wuyansa iyakar abin da wuya zai noƙu. Tambai ce a gaba, domin ita ce ta ɗaya a aji.

Karnuka suka ɓullo suna haushi. Kande tana laɓe a bayan wata geza, ba masu haushin take kallo ba. Can ta hango wani baƙin kare ya zagayo ta baya, bakinsa a rufe.

Ba ta yi kira ba, ta san amsar da za a ba ta. Ta fito a guje ta sa kai ta tunkuyi 'yarta a haƙarƙari, suka gangara tare. Baƙin karen ya cafki cinyar Tambai. A nan ƙafafun yarinyar suka tuna wani karatu da ba a yi musu a aji ba: ta fizge, ta karkace hagu, ta karkace dama, ta faɗa cikin sarƙaƙiya, uwar na biye. Karen ya tsaya a bakin ƙaya, ya duba fatarsa, ya koma inda abinci ke tsaye yana jiransa.

Da ƙura ta lafa, majalisa ta sake zama a gindin tsamiya don auna nasarar shirin. Tambai ta shigo tana ɗingishi.

"Ranka ya daɗe, na zo ƙara ne. Littafin nan ƙarya ne. Mun tsaya kamar yadda aka ce, kare bai shinshina kowa ya tafi ba. Ina 'yan ajinmu? A canza shi tun kafin ƙannenmu su shiga."

Dila ya zagaya bayanta, ya duba cinyar, ya girgiza kai cikin jimami.

"Kaico! Yarinya mai basira, ga shi ta zama mai tabo. Ranka ya daɗe, doka ba ta bari mu saurare ta ba. Ban da haka ma, mataki na uku haƙuri ne, ita kuwa ta gudu. Wanda ya bar magani a rabi ba ya zagin boka."

Raƙumin Dawa, da yake adali ne, ya ce a yi cigiya: cikin ɗaliban da suka bi matakan har ƙarshe, akwai mai ƙorafi? Aka yi shela gabas da yamma, ba wanda ya fito. Ungulu ta ba da shaida cewa ita da kanta ta ziyarce su ɗaya bayan ɗaya a filin, kuma babu wanda ya ce mata uffan.

Aka kori Tambai daga makaranta saboda rashin ɗa'a. Kande ta yi godiya har ƙasa, ta tasa 'yarta gaba suka nufi gida. A hanya suka biya ta ramin Jatau.

Littafin Malam Kunkuru kuwa har yau shi ake karantarwa a dajin, kuma duk shekara ana samun gurbin sababbin ɗalibai.