Rasuwar Gungume, Mai Sassauta Kwatangwalon Baba Gola

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ba a faɗa a gaban mai cin abinci, Baba Gola, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tsaron ragar ƙungiya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Gungume, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakin sauya kaya, yana da shekara huɗu a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba, bututu ne da aka nannaɗe da soso mai tauri, irin wanda 'yan wasa ke hawa su yi ta birgima a kai don tsoka ta saki. Malamar yoga, wato atisayen miƙe jiki, da ƙungiya ta ɗauko ce ta haɗa su. A lokacin kwatangwalon Baba Gola ya ƙage, ɗaure takalmi ma sai da dabara, ƙwallon ƙasa kuwa sai dai ya raka ta da ido. Malamar ta ce tantanin da ke lulluɓe da tsokarsa ne ya manne, ta koya masa zaman tantabara, ƙafa ɗaya a lanƙwashe gaba, ɗaya a miƙe baya, sannan ta ɗora shi a kan Gungume safe da yamma. Wata uku ya yi yana zaginta a zuci. A na huɗu ya durƙusa ya cafke fanareti. Koci ya yi masa barka, sannan ya gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: ranar da ƙugun nan ya sake kullewa, raga ta zama ta Roba, gola na biyu, wanda ke iya ɗora ƙafarsa a bayan wuya yana hira.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa ƙorafin nauyin kowa ba. Maganarsa biyu ce a rayuwa. In aka hau shi sai ya ce ƙiiƙ, in aka sauka ya ce fuss.

Rashin lafiyarsa ta faro ne daga nasara, kuma nan ne abin takaicin. Bana ƙungiya ta ci wasa huɗu a jere, kuma kowa ya san al'adar 'yan ƙwallo, abin da ya kawo sa'a ba a wanke shi. Wani mai dogon baki ya ce sa'ar a jikin Gungume take. Daga ranar ƙartai ashirin da uku suka riƙa layi, kowa da guminsa daga fili, kowa da gajeren wandonsa, suna hawa suna murza. Kyaftin ya ɓoye sabulu. Baba Gola yana so a rubuta cewa ya yi ƙyama tun daga farko, amma yana kuma so a rubuta cewa bai hana ba, domin ba a zura masa ƙwallo, kuma ya fi kowa tsoron ranar da za a zura.

Wasa goma sha ɗaya aka yi a haka. Marigayin, wanda aka haifa shuɗi, ya koma wani launi da ba shi da suna. Gashi kore ya tsiro masa a baki biyu. Ya daina cewa ƙiiƙ, ya koma caɓal, caɓal. Mai sharar ɗaki ta ajiye tsintsiya a bakin ƙofa ta ce, "Ni fa na share bayan gidan asibiti shekara shida, amma wannan ya fi ƙarfina." A gida kuwa matar Baba Gola ta tare shi da sanda ta ce, "Baban yara, kai ka shigo, wandon nan ya jira a waje." Ba a jima ba makero ya ɓulla a cinyoyin mutum tara, har ya zama in an jeru ɗaukar hoto rabin ƙungiya na susa.

Ranar Talata, Tirela, ɗan baya mai kilo ɗari, ya kwanta a kansa kamar kullum. Marigayin ya ce ɓuss, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Baƙin ruwa ya malalo, tare da wasu fararen baƙi masu motsi waɗanda da alama sun daɗe da tarewa a ciki. Tirela ya yi amai a takalmin kyaftin. Likitan ƙungiya ya tabbatar da rasuwar daga nesa, ya sa aka kwashe gawar da shebur.

An sayo sabo a ranar, yana nan cikin ledarsa. Sai dai likita ya duba cinyar Baba Gola, ya ga makeron ya zama gyambo, ya hana shi hawa komai har sati biyu. Wasan ƙarshe kuwa ranar Asabar ne.

Marigayin ya rasu ya bar tabarmar yoga guda, wadda ke killace a halin yanzu, da ƙwallon tanis biyu, da igiyar roba, da ƙaiƙayi mai yawa.

Za a binne shi yau Juma'a bayan atisaye, a bayan katangar fili inda ake zubar da ciyawa. Likita ya so a ƙone, Baba Gola ya ce ba a yi wa mai alheri haka. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma an yafe musabaha.

Baba Gola ya so ya sa amininsa a rami da hannunsa. Da safen nan ya gwada durƙusawa a ɗakin sauya kaya, ya tsaya a rabin hanya yana dafe da benci, koci na bakin ƙofa yana kallo. Saboda haka Roba ne zai sauke gawar. Baba Gola ya ba shi safar hannunsa ta tsaron raga don aikin, ya ce ya wanke ta da sabulu kafin gobe, kuma ba sai ya dawo da ita ba.