Ranar da na hau keken Alhaji Mamman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin jiran fasinja a tashar bakin boda ta Jibiya ba. Lokacin boda tana boda ce. Manyan motoci sun yi layi tun daga Magama, direbobin Maraɗi na shan shayi da namu a benci ɗaya, ƙamshin tsire da na dabino sun cika ko'ina. Ni kuma ina saurayi mai sa tayil, amma duk wanda bai kira ni Injiniya ba sai in yi kamar ban ji shi ba.

Direbobi ne suka haɗu suka gina ɗakin, aka ba ni aikin daɓe. Dattijonsu, Alhaji Mamman, tsohon direban hanyar Maraɗi ne da haɗari ya zaunar da shi a keken guragu, amma har lokacin maganarsa ce magana a tashar. Shi ya dage sai an yi gangara a ƙofa, domin masu keke da tsofaffi su shiga ba tare da an cicciɓe su ba. (Ya kamata in faɗa muku, Alhaji Mamman shi ne mahaifin Hindatu, yarinyar da nake nema. Saboda haka wannan gangara ba aiki ba ce kawai a wurina, zance ce.)

Na zage damtse. Na yi ta gajeriya, a tsaye kamar tsani, wai don kada ta ɓata kyan gaban gini. Na lulluɓe ta da tayil mai sheƙi, irin wanda mutum zai gyara hularsa a ciki. Ƙarfen riƙewa kuwa na ce ƙauyanci ne. Sau ɗaya Alhaji ya aiko a tambaye ni ko ina so ya zo ya duba, na ce a gaya wa Baba ya huta, aiki yana hannun masu shi.

Ranar buɗewa na sha farar shadda. Jama'a sun cika, har da ma'aikatan boda da baƙi daga ƙetare. Hindatu na can gefe cikin ƙawayenta, tana satar kallona. Aka ce Alhaji ne zai fara shiga. Ya turo kekensa har gindin gangara, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ta, kamar direban da ya iske gada ta karye.

Ya ce, "Ɗana, kai ka yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Madalla. Ta yi kyau ƙwarai. To, ku ɗora ni bisa benci." Aka ɗora shi. Ya nuna mini keken. "Bismilla. Mai aiki shi ka fara ɗanɗanawa."

Ni da na ɗauka karramawa ce, har da ɗaga wa jama'a hannu. Na zauna, na tattara riga, na kama tayoyi na tura. Farkon hawa lafiya lau. Ina kaiwa tsakiya sai keken ya tsaya cak. Na ƙara ƙarfi, tayoyin suka riƙa juyawa a kan tayil, keken bai matsa ko'ina ba. Na miƙa hannu in kama wani abu, sai na tuna ni da kaina na ce ƙarfe ƙauyanci ne.

Daga nan keken ya yanke shawarar komawa gida. Da baya. Na ji wani direban Maraɗi yana ihu da guntun Faransancinsa, "Mushe, birki! Birki!" Ina birki? Na wuce ta gaban manyan baƙi ƙafafuna a sama, hulata ta kama gabanta, ban tsaya ba sai a cikin babbar robar zoɓon da Madam Rifkatu, mai abinci a tashar, ta dafa wa taron. Shaddata ta koma ja tun daga wuya har gwiwa.

Madam Rifkatu ta fara cewa, "Sannu Injiniya, ba ka ji ciwo ba?" sai dariya ta ƙwace mata, tasha gaba ɗaya ta ɗauka. Na leƙa wajen Hindatu. Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza. (Har yau tana rantsuwa wai kuka take yi.)

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai da ƙahwahunka lahiya lau ka tashi. Ni in na hwaɗi nan, wa za ya tashe ni?" Wannan maganar ta fi zoɓon sanyi a jikina.

Washegari na zo da guduma na fasa aikina. Alhaji ya zauna a inuwa yana ba da umarni. Muka ja gangarar ta yi tsawo ta kwanta, muka yi daɓen siminti mai kaushi, aka sa ƙarfe hagu da dama. Ashe ƙofar ma keke ba ya wucewa, muka faɗaɗa ta. Wani makaho mai yawan zuwa Maraɗi ya ce a rufe masa kwatar da ke bakin shiga, muka rufe. Ranar da Alhaji ya hau shi kaɗai, ya juya kekensa a sama ya ce, "Yanzu kana iya turo magabatanka."

Alhaji ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Tashar ma ba ta cika kamar da, yawancin direbobin nan sun watse. Amma in na bi ta wurin nakan ga tsohuwa ta dafa ƙarfen tana hawa a hankali, sai in rage tafiya in ɗan tsaya.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum hanya, ka tambayi wanda zai bi ta. In kuwa girman kai ya hana ka tambaya, to don Allah ka gwada ta kai kaɗai tukuna, ba a gaban surukinka ba.